Yini guda a ƙauyen Chawton

Tun ina makarantar kwana nake haɗiye labaran soyayyar Turawan da, irin waɗanda ake kafawa a ƙauyen Ingila shekara 200 baya: budurwa mai tsiwa, saurayi mai gado da jin kai, keken doki, sai daren rawa a gidan attajirin gari. Shi ya sa da hanya ta kai ni Landan na ce sai na taka Chawton, ƙauyen da marubuciya Jane Austen ta zauna, tunda rijiyarta masu irin wannan rubutu ke ɗiba har yau.

Daga tashar Waterloo zuwa garin Alton a jirgin ƙasa awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Ragowar na taka da ƙafa cikin yayyafi, takalmina ya sha taɓo.

Gidan bai cika min ido ba da farko. Ginin jan bulo ne a bakin titi, ba katanga ba ƙofar alfarma. Nan ta tare a 1809 ita da mahaifiyarta da yayarta Cassandra, kuma gidan ba nasu ba ne: yayanta Edward, wanda wasu dangi masu dukiya marasa haihuwa suka ɗauka riƙo har ya gaje su, shi ya ba su wurin zama. Katafaren gidansa na can gaba kaɗan. Da na tsaya tsakanin gidajen biyu sai na gane abin da ya sa 'yan matan cikin labaran nan ke ƙirga kuɗin saurayi kafin su dubi fuskarsa. A da kwaɗayi nake ɗaukarsa. Ashe a wancan zamani gida da gona galibi babban ɗa namiji ke kwashewa, mace kuwa in ba ta yi aure ba sai zaman alfarma a inuwar ɗan'uwa.

Abin da ya fi tsayar da ni teburin rubutunta ne, ɗan mitsitsi kusa da taga, bai fi farantin da ake jera wa baƙi abinci ba. A kansa ta yi aikin littattafan da suka fita ba sunanta a jiki. Ita kanta ba ta taɓa aure ba. A 1802 ta amsa wa wani mai neman aurenta da daddare, gari na wayewa ta ce ta fasa. A Winchester ta rasu a 1817, tana da shekara 41.

Na leƙa harabar cocin ƙauyen, inda kaburburan mahaifiyarta da Cassandra ke jere, sannan sanyi ya koro ni ɗakin shayi. Na miƙa takardar fam 10, mai ɗauke da hotonta tun 2017, aka ba ni canji, na zauna ina jiran safata ta bushe.