Hannun mai gyara a kiɗan William Byrd

Na fara koyon kiɗan William Byrd, wani tsohon marubucin kiɗa na Ingila, ne daga bugun kamfanin buga littattafai na Dover na Fitzwilliam Virginal Book, juzu'i biyu masu kauri da sauƙin kuɗi. Asalinsa kundin rubutun hannu ne na farkon ƙarni na 17, yana ajiye a gidan tarihi na Fitzwilliam da ke Kambirij a Ingila, ɗauke da kiɗe-kiɗe kusan 300 na Byrd da John Bull da Giles Farnaby da wasunsu. Dover sun sake buga aikin Fuller Maitland da Barclay Squire ne, wanda aka kammala a 1899. Su suka kwashe kiɗan daga layuka shida da ake jera alamomin sauti a kai a tsohon rubutu suka ɗora shi a kan biyar ɗin da muka saba. Sun yi mana babban taimako, don ba domin su ba, ko shafi ɗaya da ban iya karantawa ba.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen ado, wato 'yan kaɗe-kaɗen da ake ƙawata sauti da su. A jikin sandar wasu alamomin sauti za ka ga an ja ɗan layi a karkace, wani wuri ɗaya, wani wuri biyu. Byrd bai bar bayanin yadda ake kaɗa su ba, har yau masana na muhawara a kai. Wani bugu da aka shirya wa masu piyano da na samu ya share layukan nan kaf, ya maye gurbinsu da alamar kaɗawar zamani, ya kuma cika shafi da umarnin a ƙara ƙarfi nan, a sassauta can. Alhali bajinal, kayan kiɗa mai maɓallai kamar na piyano da aka rubuta wa waɗannan kiɗe-kiɗe, fizgar tsirkiya yake yi kamar gurmi. Ko ka danna da ƙarfi ko a hankali, amon kusan ɗaya ne. Duk umarnin nan ra'ayin mai gyara ne, bai kuma faɗa ba, wannan ne ya dame ni.

Shi ya sa na koma bugun Musica Britannica, jerin littattafan kiɗan Birtaniya, juzu'i na 27 da 28, wanda Alan Brown ya gyara. A nan abin da mai gyara ya ƙara ba a ɓoye yake ba, ana gane shi a shafin, a bayan littafin kuma ya jero inda kundaye suka saɓa wa juna. Kiɗan Byrd mai suna Sellinger's Round, alal misali, yana cikin Fitzwilliam, yana kuma cikin kundin My Ladye Nevells Booke da John Baldwin ya kwafa a 1591. Sai da na fara karanta bayanan nan na gane cewa a wurare da yawa ni ma ina da zaɓi.

Yatsu ma haka. Wasu kundayen zamanin sun ajiye lambobin yatsu: hannun dama yana hawa da na uku da na huɗu, 3-4-3-4, babban yatsa ba ya yawan shigewa ƙarƙashi. Da farko hannuna ya ƙi. Da ya saba, sai sautuka suka riƙa fitowa bibbiyu, kiɗan ya samu takun rawa wanda lambobin piyano na zamani suke shafewa. Yanzu duk sabon kiɗan da na ɗauka, nakan zagaye abin da mai gyara ya ƙara da fensir tukuna, in kaɗa ba tare da shi ba, sannan in duba wanda zan riƙe.