Godiya Bayan Dawowar Baba Daga Dashen Hanta

Alhamdulillahi, Baba ya dawo gida Gombe lafiya bayan aikin dashen hanta da aka yi masa a Indiya. A madadin iyalansa nake miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana.

Waɗanda suka gan shi bara sun san inda ciwon ya kai: idanu sun yi rawaya, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ne suka gano ciwon hanta nau'in B ne ya daɗe yana cin sa a ɓoye, suka kuma faɗa mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Allah Ya saka musu da alheri. Abokan sana'arsa na Tudun Hatsi, jama'ar masallacin unguwarmu, dangi na Dukku da Kumo, da waɗanda suka turo gudummawa suka ce kada a ambaci sunansu, Allah Ya san ku, Shi zai biya ku.

Kai kuma autanmu, da ka kwanta aka yanki fiye da rabin hantarka aka dasa wa Baba, ban san kalmar da zan gode maka da ita ba. Likitoci sun ce hanta tana sake tofowa cikin 'yan watanni, taka da ta Baba duka. Allah Ya ba ka masu yi maka.

Akwai kuma wani da ban taɓa gani ba, amma na ga bai dace in tsallake shi ba, tunda Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Sunansa Dakta Thomas Starzl, likitan tiyata ɗan Amurka. A zaman jinya na karanta tarihinsa. Shi ne ya fara gwada dashen hanta a jikin ɗan Adam a 1963 a birnin Denver. Majinyacin, yaro ɗan shekara uku, ya rasu ana cikin aikin saboda zubar jini. Waɗanda suka biyo baya ma ba su yi nisan kwana ba, har aka dakatar da aikin. Ya koma ɗakin bincike, sai a 1967 ya yi wa wata yarinya 'yar wata 18 dashe ta rayu fiye da shekara guda. Na daɗe ina tunanin shekarun nan huɗu, da irin haƙurin da mutum zai yi ya sake ɗaukar wuƙa bayan wannan rashi.

Babbar matsalar ita ce garkuwar jiki tana ɗaukar sabuwar hanta a matsayin baƙuwa, sai ta far mata. Starzl da wani likitan tiyata, Roy Calne na Ingila, suka yi aiki da maganin cyclosporine mai hana garkuwar jiki far wa sabuwar hanta, daga baya a Pittsburgh Starzl ya jagoranci gwajin wani maganin irinsa mai suna tacrolimus a 1989. Wannan ƙwayar ce Baba yake sha safe da dare, Hajiya tana zaune da agogo a gefenta don kada lokaci ya wuce. Starzl ya bar rubuce-rubucen bincike sama da 2,000, ya horar da likitoci daga ƙasashe da dama, ya rasu a 2017 yana da shekara 90.

Ga masu son zuwa dubiya, muna maraba da ku bayan La'asar, amma a yi mana uzuri. Maganin yana rage ƙarfin garkuwar jiki, don haka mai mura ko tari ya yi haƙuri ya gaishe shi ta waya, kuma banda musabaha a yanzu. Masu kawo jiƙe-jiƙe da kyakkyawar niyya, mun gode, amma likita ya hana.

Duk gidanmu mun yi gwajin ciwon hanta, waɗanda ba su ɗauke da shi sun fara karɓar allurar rigakafi. Ina roƙon 'yan uwa da suka zo mana jaje su ma su je a duba su. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Amin.