Kwana ukun da na yi fiye da shekara guda ina gudu

Ni tela ne, kuma ko sigari ban taɓa sa wa a bakina ba. A 2016 babur ya kayar da ni, ƙashin ƙafata ta hagu ya karye, aka yi mini aiki aka sa ƙarfe. Da za a sallame ni, likita ya rubuta mini tramadol mai miligiram 50, na 'yan kwanaki. Bai yi laifi ba, wanda aka tsaga wa ƙafa yana bukatar abin da zai kwantar masa da raɗaɗi. Laifin nawa ya fara ne ranar da maganin ya ƙare, na biya ta kemis na sayi wani katin ban koma wurin likitan ba.

Lokacin ƙafar ta fara sauƙi. Abin da na gano shi ne idan na sha, ina iya zama kan keke tun daga isha'i har kiran assalatu, baya ba ya ciwo, barci ba ya zuwa, surutun masu kaya ma ba ya ɓata mini rai. Duk wanda ya san shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san darajar wannan. Daga 50 na koma 100, daga nan wani ya nuna mini mai 225, irin wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, tunda hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna 50 da 100 kawai ta amince da su. Kafin 2018 ina haɗiye uku, wata rana huɗu. Iyakar abin da likitoci suka yarda babba ya sha a yini guda shi ne miligiram 400. Kai ka yi lissafin da kanka.

Ƙannena, ba daɗin ƙwayar ne ya riƙe ni ba. Daɗin ya tafi tun a shekarar farko. Tsoro ne ya riƙe ni, kuma ina iya tuna ranar da aka haife shi.

A watan Mayun 2018, bayan BBC ta fitar da rahotonta kan maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi, aka matsa wa masu sayar da ƙwayoyi, kaya suka yi wuya. Na je wurin mutumina na tarar da shago a kulle. Na ce ba komai, gobe. Kafin la'asar na fara hamma, wata na bin wata, hawaye na zuba ba kuka nake ba, hanci na yoyo kamar mai mura. Da dare tsigar jikina ta riƙa tashi, ina gumi ina jin sanyi a cikin zafin bazara. Ƙafafuna suka ƙi zama wuri ɗaya, in miƙe su, in naɗe, in tashi in zagaya tsakar gida. Cikina ya murɗa, gudawa ta ɓalle. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wani fargaba da ya danne mini ƙirji ba dalili, da wani abu kamar wutar lantarki da ke fizgar kaina idan na juya ido. Da gari ya waye na hau acaɓa na ƙetare gari na samo kati ɗaya da kuɗi ninki uku. Minti arba'in bayan na haɗiya, komai ya lafa.

A ranar na yanke wa kaina hukunci: in na daina, mutuwa zan yi. Daga nan na zama mai ƙirga ƙwaya kafin ya kwanta. Ina ɓoye biyu a cikin safa, biyu a aljihun keken ɗinki ƙarƙashin allurai. Ƙanin mahaifina ya rasu a ƙauye, na je na yi gaisuwa na juyo a ranar, ban kwana ba, domin abin da na tafi da shi ba zai kai ni sadakar uku ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Kuskurena na farko babba shi ne yadda na yi yunƙurin dainawa. Azumin 2019 ya kama a farkon watan Mayu, na ce ga dama ta samu, wata mai alfarma, zan yanke lokaci ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Na zubar da sauran ƙwayoyin a masai daren farko, na ɗauki azumi. Ka haɗa gudawa da amai da gumi da zafin Mayu da bakin da ba ya shan ruwa. A rana ta biyu na tashi daga kan keke, duhu ya rufe mini ido, na faɗi kan tarin yadin mutane. A daren na koma na saya. Kuma na ƙara tabbatar wa kaina cewa ni ba irin masu iya dainawa ba ne.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda da na san shi da ban wahala haka ba, shi ne wannan ciwon yana da farko, yana da tsakiya, yana da ƙarshe. Ga ƙwaya irin tramadol ko kodin, yakan fara ne cikin awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ya kai ƙololuwa a rana ta biyu zuwa ta uku, sannan ya fara sauka, mafi yawan ciwon jikin ya wuce cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Sau biyu ina kaiwa daidai ƙwanƙolin dutsen sai in juya, ina zaton haka zai yi ta hawa har abada. Wanda bai san tsawon rami ba, ko taku uku ya rage masa ya fita sai ya ga kamar ba shi da iyaka.

Na kuma koyi dalilinsa, kuma da harshen sana'ata na fahimce shi. Ɗinki ba ya kyau sai zaren sama da na ƙasa sun daidaita. In ka ɗaure na sama tamau, dole ka ɗaure na ƙasa ya biyo shi. Ƙwayar tana danne jiki, tana rage bugun zuciya, tana tsayar da hanji, tana kashe jin zafi, shi kuma jikin sai ya ƙara ƙarfin nasa ɓangaren don ya daidaita. Ranar da ka saki zaren sama gaba ɗaya, na ƙasa yana nan a ɗaure, ɗinkin ya cukurkuɗe. Gumin nan da gudawar da rawar ƙafa, jikinka ne yake ja shi kaɗai kafin ya gane abokin jan ya tafi. Tramadol kuma yana da ƙari a kan sauran, domin yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda magungunan ciwon damuwa ke taɓawa. Shi ya sa fargabar da fizgar lantarkin nan suke zuwa. Ba hauka ba ne, ba kuma sammu ba ne.

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari. Don in samu barci na fara haɗawa da diyazefam, wanda ake ce wa baliyam. Na ɗauka dabara na yi. Ashe haɗa waɗannan biyun na iya tsayar da numfashin mutum yana barci, kuma wanda jikinsa ya saba da baliyam ko rafanol, wato ƙwayoyin sa barci, yanke shi lokaci ɗaya yana iya jawo jijjiga har a rasa rai. Ciwon barin tramadol, duk da azabarsa, da wuya ya kashe mai lafiya idan yana samun ruwa da kulawa. Na baliyam ba a wasa da shi. Idan kana haɗawa, kada ka ɓoye wa likita ko ƙwaya ɗaya.

Na uku kuwa shi ya kusa kai ni kabari. Bayan sallah na sake gwadawa, wannan karon na jure har kwana tara. Sai aka kawo mini ɗinkin biki, na ce bari in sha na dare ɗaya kawai. Na haɗiye adadin da na saba sha a da. Jiki kuwa cikin 'yan kwanakin nan ya riga ya sauke juriyarsa, abin da yake ɗauka jiya ya zama guba yau. Yaran shagona suka ce na sandare, na faɗo daga kujera ina jijjiga, kumfa na fita, na ciji harshena. Tramadol mai yawa yana kawo irin wannan farfaɗiyar ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Ka lura da kyau: abin da na yi fiye da shekara guda ina tsoro bai taɓa kusa da kashe ni ba, komawar ce ta kusa.

A gida aka ce aljanu ne. Aka kira malami ya yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, Inna ta zauna a gefena tana tofa mini addu'a tana kuka. Ni kuma na yi shiru na bar su a haka, domin a ce aljanu sun taɓa ka ya fi sauƙi a kan a ce ɗan ƙwaya ne. Akwai kuma wani tsoron, na kada a kai ni gidan mari. A watan Satumban shekarar ne 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye, in kuna karantawa, sarƙa ba ta gyara zaren da na faɗa, tana dai koya wa yaro ya ƙara iya ɓoyewa.

Matata ce ta karya abin. Tana wanki ta tsinci katin a safa. Ba ta yi hayaniya ba. Ta jira yara suka yi barci, ta ajiye shi a gabana kan tabarma ta ce, "Maigida, wannan ne aljanin?" Na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Gobe sai mu je asibiti, ko in gaya wa Yaya ya kai ka. Ka zaɓa."

Mun je sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Na sani, sunan kaɗai yana korar mutane, a ce an gan ka a asibitin mahaukata. Amma can ne masu sanin wannan aikin suke: akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Na shiga ina jiran faɗa. Likitan ya ɗauki biro ya ce, "Malam, nawa kake sha a rana? Ka faɗa mini gaskiya, ba kotu ba ce nan." Na rage ɗaya. Ya dube ni ya yi murmushi, na mayar da ita. Daga baya na ji cewa binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin waɗannan magungunan kashe raɗaɗi ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara guda. Ashe labarina, da nake ganin ba a taɓa jin irinsa ba, irinsa likitan yake saurara tun safe.

Bai ce in yanke ba. Ya mayar da ni kan magani na gaskiya wanda aka san abin da ke cikinsa, domin na kasuwa ba ka da tabbacin abin da aka rubuta a kati shi ne a ciki. Ya rubuta jadawali a takarda, ana ragewa kaɗan kaɗan, mako bayan mako, baliyam ɗin kuma da nasa jadawalin daban. Ba zan rubuta maka adadin ba, domin nawa ba naka ba ne. Maganin a hannun matata yake, a cikin akwatinta, makulli a ɗaure a bakin zaninta. Ya ba ni abin tsayar da gudawa, da na ciwon jiki wanda ba ya kama mutum, ya ce in yawaita ruwan gishiri da sukari. Da na ba shi labarin azumina ya girgiza kai ya ce, "Ai Allah ya yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama. Kai ne ka ƙi karɓa."

Ba zan ce ban ji jiki ba. Duk ranar da aka rage, kwana biyu ko uku ina hamma, ƙafa na damuna da dare. Sai matata ta dafa ruwa in zuba ƙafafun a bokiti, ko in fita in taka zuwa bakin titi in dawo. Amma ciwo ne irin na mura mai nauyi, ba abin da na gani a shago ba. Sau ɗaya ragin ya yi mini yawa, muka koma, likitan ya tsayar da mu a wurin mako biyu kafin mu ci gaba. Ban san ana iya haka ba, na ɗauka ko dai ka ci jarrabawa ko ka faɗi.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa sai shi likitan shi ne bayan an gama. Jiki ya warware, amma wata biyu zuwa uku duniya ta yi mini salam kamar miya ba gishiri. Barci rabi da rabi, ba na son hira, ɗinkin da nake gamawa a awa biyu sai ya cinye mini yini. A nan ne mafi yawan mutane suke komawa, ba a kwana ukun farko ba. Na rage karɓar aiki, na daina kwana a shago, na canza hanyar da nake bi don kada in wuce ta gaban kemis ɗin nan. Wasu masu kaya sun yi fushi sun tafi, biyu daga cikinsu sun dawo.

Ƙanwata, idan kina da ciki kuma kina shan kodin ko tramadol, kada ki yanke da kanki ko na kwana ɗaya, domin abin da ke cikinki ma yana jin girgizar. Ki faɗa wa ma'aikaciyar awo, za ta haɗa ki da likita.

Ƙafar har yanzu tana yi mini tsami idan hunturu ya shigo, wurin da ƙarfen yake. Farasitamol nake sha, in gasa da ruwan ɗumi. Bara da na je cire haƙori, tun kafin likitan ya ɗauki biro na ce masa, "Likita, na taɓa kamuwa da tramadol, a rubuta mini wani abin daban." Ya ce to, ya rubuta, ya kira na bayana.