Adon da Na Yi Wa CV Ɗina Shi Ne Ya Ɓoye Ni

Wata 5 na yi ina neman sabon aiki ta intanet, kuma wata 4 daga cikinsu sun tafi a banza saboda kuskure guda ɗaya wanda har yau, bayan na kama aiki, idan na tuna shi sai raina ya sosu. Ni akanta ne, na shekara 7 a wuri ɗaya, kuma da na ga babu sauran ci gaba a gabana sai na fara neman wani wurin ba tare da na ajiye aikin da ke hannuna ba. Gyara shafina na LinkedIn da kunna sanarwar guraben aiki a Indeed bai ɗauke ni yini guda ba. Abin da kawai na tsaya a kansa shi ne alamar da ke nuna mutum yana neman aiki, wadda na saita ta yadda masu ɗaukar ma'aikata kaɗai za su gani, domin kada labari ya riga ni isa ofishin shugabana.

Inda na zuba ƙarfina shi ne CV, wato takardar da ke bayyana karatuna da aikin da na yi. Na samo wani samfuri mai kyan gani, na raba shafin gida biyu, na sa sunana da lambar wayata a cikin wani zane mai launi a can sama, sannan maimakon in rubuta sunayen manhajojin da na ƙware a kansu, irin su Excel da QuickBooks, sai na sa tambarinsu, kowanne da taurari a gefensa masu nuna zurfin ƙwarewata. Duk wanda na nuna wa sai ya yaba, ni ma kuma na gamsu. Na riƙa aika takardar nan dare da rana, har na daina ƙirga wuraren da na nema bayan sun haura 80, amma ban da saƙon nan da na'ura ke turowa cewa an karɓi takardata, babu wanda ya neme ni. Na zargi shekaruna, na zargi makarantar da na yi, har na fara yarda cewa duk tallan guraben nan na jeka-na-yi-ka ne, an riga an zaɓi mutum tun kafin a buga. Takardar ce kaɗai ban taɓa zargi ba.

Asiri ya tonu ne wani dare da nake cike fom a shafin wani kamfani. Irin shafin nan ne da idan ka ɗora CV sai ya karanta ya cike maka gurabe da kansa, kuma a da nakan wuce wannan mataki da sauri in rubuta abin da ya rage da hannu. A daren nan na tsaya na duba. Gurbin suna babu komai, gurbin lambar waya babu komai, sunan makarantata ya faɗa inda ake rubuta wurin aiki, shekarun aikina sun cakuɗe da na karatu domin na'urar ta karanta gidajen biyu a jere kamar layi ɗaya ne, sannan gurbin ƙwarewa fayau yake, tun da tambari da taurari hoto ne a wurinta. Na daɗe ina kallon fom ɗin, domin a lokacin ne na gane irin surar da na riƙa isa wurin mutane da ita tsawon wata 4.

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Manyan kamfanoni da yawa suna tara takardun masu nema a cikin manhajar tantancewa, wadda ke tsinto rubutun takarda ta jera shi a rumbunta, shi kuma jami'in ɗaukar ma'aikata, wanda ɗaruruwan takardu ke gabansa, yakan bincika da kalmomin da ke cikin tallan aikin. Ba lallai ne na'urar ta ƙi ka ba. Idan an nemi mai Excel kuma kalmar ba ta cikin abin da ta tsinto daga takardarka, sunanka ba zai fito ba, shi ke nan. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin gwajin da zai nuna mini matsalar bai kai minti 2 ba: ka kwafi duk rubutun CV ɗinka ka liƙa shi a Notepad, manhajar kwamfuta mai nuna rubutu zalla ba ado, abin da ka gani a nan kusan shi ne abin da na'urar ke gani. Da na yi haka a makon farko, da ban kwana ina tambayar kaina ko ilimina ne ya gaza ba.

Na sake rubuta takardar a Word, gida ɗaya daga sama har ƙasa, babu zane, babu tebur, sunana da lambata a cikin jikin rubutun, kanun sassa kuma irin waɗanda kowa ya saba da su. Na daina aika takarda ɗaya ga kowa. Kowane talla nakan karanta shi sau biyu, in ɗauko kalmomin da suka yi daidai da aikin da na taɓa yi da gaske in sa su yadda aka rubuta su, ba tare da na ƙara abin da ban iya ba, domin intabiyu na nan tafe kuma can za a tambaya. Hakan ya rage yawan wuraren da nake nema zuwa 3 ko 4 a mako.

Cikin mako 3 aka kira ni wurare 2. Ganawar farko ta bidiyo aka yi, ta biyu kuma ido da ido, inda matar da ta jagoranci zaman ta riƙe takardata, fara fat ba ado ko kaɗan, ta ja layi ƙarƙashin aikin daidaita asusun banki da na rubuta, ta ce wannan ne ya sa suka neme ni. Aikin nan yana cikin tsohuwar takardar ma, a gidan dama na shafin, inda na'urar ta haɗa shi da sunan makarantar sakandarena.