Gashin da aka yi wa Yaya tun tana budurwa

Jiya na raka Yayata asibiti, wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake. Tana shekara 19 aka gano tana da kansar Hodgkin, irin wadda ke kumbura kaluluwa a wuya da ƙirji, aka yi mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, aka yi mata gashi a ƙirji, wato ƙona kansar da hasken na'ura, ta warke, muka yi ta murna mun ɗauka shikenan an rabu. Ashe da sauran rina a kaba. Likita ta ce macen da aka gasa wa ƙirji kafin ta kai 30 haɗarin kansar mama a wajenta yana iya kusan kai na mai ɗauke da BRCA1, wato wata ƙwayar halitta ta gado da in ta samu matsala take ƙara haɗarin kansar mama, kuma gado ma na da hannu, shi ya sa ta tsare mu da tambaya ko akwai wadda ta taɓa yi a dangi. Nan Yaya ta tuna Gwaggo, Allah ya jiƙanta. Likita ta ce wai tun shekara 8 bayan gashin ya kamata ta fara hoton mama da MRI, wani hoton cikin jiki na na'ura, duk shekara, ba wanda ya taɓa gaya mana fa! Ran Talata za mu karɓo sakamako, ku sa mu a addu'a.