Layin da na goge ba shi ne ya tafi ba

A wannan makon da nake barin aiki, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da manhajarmu ta goge wa jama'a bayanan da ba su nemi a goge ba, kuma ni ne sila.

Jerin bayanan da ke cikin manhajar tamu ta Android a kan RecyclerView aka gina shi, wato kayan aikin Android na nuna jeri layi-layi, kuma duk gogewa ana kiran notifyDataSetChanged, umarnin da ke sa a sake zana jerin gaba ɗaya, sai layin ya ɓace bagatatan, na ƙasa su yi tsalle su cike gurbinsa. Na sauya shi da notifyItemRemoved, umarnin da ke sanar da cewa layi ɗaya kaɗai aka cire, nan take layin ya riƙa dusashewa cikin milisakan 120, na ƙasa kuma suna tasowa a hankali cikin milisakan 250. Raina ya yi fari ƙal. Abin da ya shige mini duhu shi ne wannan kira ba ya sake ɗora bayanai a kan layukan da suka rage, alhali na ajiye lambar matsayin kowanne tun farkon zana shi. Idan mutum ya goge layi na 3, wanda ya hau gurbinsa yana nan riƙe da lamba 4, saboda haka gogewa ta biyu sai ta faɗa kan maƙwabcinsa na ƙasa. Layukan da na yi gwaji da su duk rubutu ɗaya ne a cikinsu, shi ya sa idona bai kama kuskuren ba.

Laifina ne, ban taɓa musantawa ba. Abin da har yau ban manta ba shi ne shugaban sashenmu, wanda da kansa ya duba aikin ya amince da shi, ya tsaya gaban kowa yana cewa kwalliya na bi na bar aiki, a mayar da komai yadda yake. Motsin ba kwalliya ba ne, domin shi ke nuna wa mai waya abin da ya tafi da inda sauran suka koma. Gyaran kuwa bai taka kara ya karya ba: a nemi matsayin layin da getBindingAdapterPosition, kiran da ke faɗin inda layi yake a yanzu, a daidai lokacin da aka danna, a kuma yi watsi da dannawar idan amsar ta zo NO_POSITION, wato layin ba shi da matsayi a jerin.

Daga baya na mayar da jerin kan ListAdapter, wani kayan aikin Android mai kula da bayanan jeri, inda DiffUtil, mai kwatanta tsohon jeri da sabo, ke gano bambancin da kansa muddin sabon jeri aka miƙa masa. Na kuma saba gwaji a ƙaramar waya, ina goge layi biyu a jere cikin sauri. Da wannan motsin manhajar take aiki har yau.