Tambayar Iya da darasin telomares

A shekarata ta biyu ta karatun likita a Wad Madani ta Sudan na haddace darasin telomares (sinadarin da ke ƙara tsawon bakin kuromosom) tsaf, na ci jarrabawa, ina ganin na iya. Da na koma Mai Wurno hutu, Iya ta ce, "Kai ɗan nan, me ake koya muku ne?" Na buɗe baki, Larabci da Turanci suka yi ta zuba, Hausa ta ƙi zuwa. Ashe hadda ce kawai a kaina.

Sai da na kwana biyu ina juya abin kafin na kamo bakin zaren. Ƙwayar halittar mutum tana da kuromosom 46, wato zaruruwan DNA masu ɗauke da saƙon gado, kowanne da baki biyu. In za ta rabu sai ta kwafi DNA ɗinta, amma mai kwafin ba ya kaiwa ƙarshe, kamar mai daɓen ɗaki ne da ba ya iya daɓe inda ya tsuguna. Kowace rabuwa sai bakin ya ɗan ragu. Cikin ikon Allah, abin da ke bakin haruffa shida ne kawai, TTAGGG, a jere sau dubu ko fiye. Su ne telomiya, su ke cinyewa don saƙon gado ya tsira.

Shi telomares da ɗan allonsa na RNA, ɗan'uwan DNA, yake yawo. Ya kama bakin, ya kwafi haruffa shida daga allon ya ɗora, ya gusa gaba, ya sake ɗorawa. Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano shi a 1984 a jikin wata ƙaramar halittar kududdufi, suka samu kyautar Nobel a 2009 tare da Jack Szostak.

Iya ta ce, "To in raguwar ce ke kawo tsufa, a ba mu tsofaffi shi mana." Wallahi ni ma can ƙasan raina haka na ɗauka. Ina ba ta amsa ne na fahimci abin da na haddace: a yawancin ƙwayoyin jikin baligi telomares a kashe yake, shi ya sa bayan rabuwa kamar 50 suke tsayawa, kuma wannan tsayawar kariya ce. Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na ciwon daji sai sun kunna shi suke rabuwa ba iyaka.

Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko abin da ya ɗauke ƙanwarta ke nan. Na ce, "Galibi haka ne, Iya."